Birtaniya: yadda masu rayuwa da kuɗin tallafi ke neman banki ya maido musu da tarar dekuber

Duk ma'aikacin da albashinsa ke bi ta banki a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san kalmomi biyu: dekuber da ajiyo. Dekuber shi ne ka ci fiye da abin da ke cikin asusunka, banki ya ɗauke maka gibin har albashi ya sauka. Ajiyo kuma shi ne abin da bankin ke yanka a kan wannan gibi. A Birtaniya, irin wannan yanka ya haddasa rigimar da ta kai har kotun ƙoli, aka kwashe shekaru ana ja-in-ja tsakanin bankuna da miliyoyin masu asusu. Waɗanda abin ya fi ci kuwa su ne marasa aiki, naƙasassu, tsofaffi da iyaye mata masu riƙon yara su kaɗai, wato mutanen da ke rayuwa da kuɗin tallafin gwamnati.

Bankuna ne suka yi nasara a kotu. Duk da haka akwai ƙofa guda da ba ta rufe ba: wanda yake cikin ƙuncin rayuwa yana iya neman a maido masa da abin da aka yanke. Ƙofar ba ta buɗewa da kuka ko da faɗa a gaban mai kashi. Takarda da hujja ne ke buɗe ta.

Yadda tara ke haihuwar tara

Dekuber iri biyu ne a Birtaniya. Akwai wanda aka yi yarjejeniya a kai, banki ya ce kana iya zarcewa har zuwa kaza. Akwai kuma wanda ba a shirya ba, inda mutum ya zarce ba da izini ba, ko ya wuce iyakar da aka sa masa. A kan na biyun ne aka riƙa yin tara mai nauyi kafin 2020. Wajejen 2005 da 2006, kuskure guda yana iya jawo tarar fam 30 ko fiye, a wasu bankuna har kusan fam 40. In aka ɗauki fam guda a wajen sefa 750, fam 35 ya kai wajen jika 26.

A can, haya da wuta da ruwa da tarho yawanci ana biyan su ne kai tsaye daga asusu, a ranar da aka tsaida, ko mai asusun ya tuna ko ya manta. A ɗauka, a wancan lokacin, ga wata uwa da fam 30 ya rage mata, sai kamfanin wuta ya zo cirar fam 40. Gibin fam 10 ne kawai. In banki ya biya, ya yi mata tara. In ya ƙi biya, ya yi mata tara a kan ƙin biyan. Idan tallafinta na gaba ya sauka, tarar ce farkon abin da za a cire. Kuɗin da dama da ƙyar suke kai ta ƙarshen wata sun ragu da fam 35, don haka a wata mai zuwa biya biyu ne za su faɗi, tara ta zama biyu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Mai albashi mai kauri yana biyan tarar sau ɗaya, ya yi tsaki, ya wuce. Mai karɓar tallafi ba shi da rarar da zai cike ramin, saboda an auna tallafin ne daidai ci da sha da wurin kwana. Hukumar kula da adalci a kasuwanci ta lokacin, OFT, ta gano cewa a 2006 kaɗai bankunan ƙasar sun samu fam miliyar 2 da miliyon 600 daga irin wannan tara.

Shari'ar da ta kai kotun ƙoli

A watan Afrilu na 2006, OFT ta ce duk tarar da ta wuce fam 12 a kan katin bashi za ta ɗauke ta a matsayin rashin adalci. Nan take jama'a suka ce to, ai tarar dekuber ma haka take. Ɗan jarida Martin Lewis, mai shafin MoneySavingExpert, da ƙungiyar kare masu saye ta Which? suka riƙa raba samfurin wasiƙar neman kuɗi kyauta, aka kwafe ta sau miliyoyi. Bankuna da yawa suka gwammace su biya a asirce da su tsaya gaban alƙali, suka maida ɗaruruwan miliyoyin fam.

A Yuli 2007 aka yanke shawarar a kai maganar kotu sau ɗaya domin kowa ya huta. OFT ta shiga shari'a da bankuna bakwai, Abbey National, Barclays, Clydesdale, HBOS, HSBC, Lloyds TSB da Royal Bank of Scotland, haɗe da Nationwide, wadda cibiyar adashi da bashin gidaje ce. Hukumar sa ido kan harkar kuɗi ta ba bankuna izinin jingine duk koke-koken har a gama shari'a, amma ta ware wani rukuni: koken wanda ke cikin ƙunci dole a ci gaba da duba shi. Daga nan hanyar da muke magana a kai ta samo asali.

OFT ta yi nasara a babbar kotu a 2008, ta sake yin nasara a kotun ɗaukaka ƙara a Fabrairu 2009. Ranar 25 ga Nuwamba 2009 kotun ƙoli ta juya hukuncin. Dalilinta shi ne dokar 1999 da aka kafa hujja da ita ba ta ba da damar a auna tsadar farashi ba, kuma tarar wani ɓangare ne na farashin da mai asusu ke biya domin hidimar banki gaba ɗaya. Kotun ba ta ce tarar adalci ce ba. Ta ce ne kawai OFT ba ta da hurumin auna ta ta wannan hanya. A Disamba na shekarar OFT ta janye, koke kusan miliyon guda da aka jingine suka bi ruwa.

Kuɗin tallafi ba garkuwa ba ne

Akwai wata fahimta da ta bazu sosai a tsakanin masu karɓar tallafi, cewa doka ta hana banki taɓa kuɗinsu. Suna dogara da sashe na 187 na dokar tafiyar da tallafin jama'a ta 1992, wanda ya haramta a jinginar da tallafi ko a miƙa haƙƙinsa ga wani. Rikicin ya samo asali ne daga kalma guda ta Ingilishi da ke cikin sashen, mai ma'ana biyu: jingina, da kuma kuɗin da ake caza. Doka jingina take nufi. Manufarta ita ce kar mai ba da bashi ya riƙe haƙƙin tallafin mutum tun kafin a biya shi. Da zarar kuɗin sun faɗa asusu, sun zama kamar kowane kuɗi, kuma ƙa'idojin asusun suna aiki a kansu.

Saboda haka wanda ya rubuta wa banki cewa a maido masa da kuɗinsa don kawai tallafi ne, amsar ƙi zai samu. Karɓar tallafi hujja ce mai ƙarfi da ke nuna ƙarancin samu, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da ake dubawa shi ne ko mutum yana cikin ƙunci, ko banki ya sani ko ya kamata ya sani, da kuma abin da ya yi bayan ya sani.

Me ake kira ƙunci?

Ƙa'idojin hukumar FCA, wadda ke sa ido kan bankuna tun 2013, sun wajabta wa mai ba da bashi ya yi sassauci da la'akari ga wanda biya ya gagara. Daga cikin hanyoyin sassaucin akwai dakatar da ruwa da tara, rage su ko yafe su. Alamomin da ake dubawa sanannu ne. Mutum ya kasa biyan abubuwan dole: haya, harajin gunduma, wuta, abinci. Biyan da ake yi daga asusunsa suna yawan faɗuwa. Tara na cinye kaso mai yawa na abin da ke shigo masa. Tarar wannan wata ita ce ta jawo ta wata mai zuwa. Samunsa ya faɗi saboda rashin aiki, ciwo, mutuwar aure ko rasuwar abokin zama. Ko kuma asusun ya daɗe bai fita daga ja ba, ko da a ranar da kuɗi suka shigo.

Tsarin tallafi na Universal Credit, da aka fara a 2013, ya ƙara wa wasu nauyi. Sau ɗaya ake biyan sa a wata, kuma sabon mai nema yana jiran kusan mako 5 kafin biyan farko. Da yawa a cikin wannan jiran ne suke faɗawa dekuber.

Matakan neman kuɗin

Mataki na farko shi ne tattara takardun bayanin asusu, abin da ake kira relebe a nan. Yawanci ana komawa baya shekaru 6. Wanda bai aje nasa ba yana da haƙƙin ya nemi banki ya ba shi bayanan da yake riƙe da su a kansa. Da can ana biyan fam 10, amma tun Mayu 2018 kyauta ne, kuma wata guda bankin ke da shi ya amsa. Sai mutum ya zauna ya jera kowace tara da ranarta da adadinta.

Na biyu shi ne lissafin gida: abin da ke shigowa a wata, da abin da ke fita na dole, layi bayan layi. A haɗa da takardar da ke nuna tallafin da ake karɓa, wasiƙun bashin haya ko na wuta, takardar likita in ciwo ne, takardar sallama in aiki aka rasa.

Na uku shi ne wasiƙar koke. Ba a buƙatar lauya, ba a buƙatar manyan kalmomin shari'a. Mutum ya faɗi yaushe ƙuncin ya fara da abin da ya jawo shi, ya nuna yadda tarar ta hana shi biyan haya ko sayen abinci, ya ambaci lokacin da ya taɓa sanar da banki in ya taɓa yi, sannan ya faɗi abin da yake nema a fili: a maido da kaza, a tsaida tara, a shirya masa hanyar biya daidai ƙarfinsa. Ya aje kwafin komi.

Banki yana da mako 8 ya ba da amsa ta ƙarshe. In ya ƙi, ko ya yi shiru, sai mataki na huɗu: a kai maganar gaban Financial Ombudsman Service, hukuma mai zaman kanta da ke shiga tsakanin jama'a da cibiyoyin kuɗi. Kai ƙara can kyauta ne, amma dole a yi shi cikin wata 6 bayan amsar ƙarshe ta banki. Idan hukumar ta yanke hukunci kuma mai koken ya amince da shi, dole banki ya bi. Idan bai amince ba, hanyar kotu tana nan.

Abin da ake samu ya bambanta. Wani a maido masa duka, wani rabi, wani tarar watannin da suka biyo bayan ranar da ya sanar da banki halinsa kawai. Wani kuma a tsaida masa tara nan gaba ba tare da an maido da komi ba, domin ƙa'ida ta ce a yi sassauci, ba ta ce lallai sai an maida kuɗi ba. Idan har yanzu asusun yana cikin ja, sau da yawa abin da aka maido ana zuba shi ne a kan bashin, ba a hannu ake ba mutum ba.

Hattara da abubuwa uku

Na ɗaya, dekuber bashi ne da banki ke iya nema a biya a kowane lokaci, kuma yana iya janye shi. Shi ya sa masu ba da shawara kan bashi ke cewa a fara buɗe wani asusu a wani banki daban, a karkatar da tallafin can, kafin a aika da koke. Tun Janairu 2016 manyan bankunan ƙasar tara ke ba da asusu mai sauƙi wanda ba shi da dekuber, ba shi da tara. A ce wani banki daban yana da muhimmanci, domin banki na iya ɗibar kuɗi daga asusunka guda ya biya bashin ɗayan in duka a wurinsa suke, ko da yake ƙa'ida ta ce ya bar maka na abinci da haya.

Na biyu, akwai wani tsohon haƙƙi da mutane kaɗan suka sani. Wanda kuɗi za su shigo asusunsa yana iya rubuta wa banki tun kwanaki kafin su sauka, ya ce kaza na haya ne, kaza na wuta ne, kaza na abinci ne, kar a zuba su a ramin dekuber. Wannan ba ya goge bashin, kuma yana iya sa banki ya sake duba dekuber ɗin, amma yana hana a kwana da yunwa a wannan wata.

Na uku, ƴan kamasho. Akwai kamfanonin da ke tallar cewa za su karɓo wa mutum kuɗinsa, sannan su yanki kaso mai tsoka. Wasiƙar da suke aikawa ba ta fi wadda mutum zai rubuta da hannunsa ba. In kuma an zuba kuɗin a kan bashi, kamfanin zai iya bin sa ladansa alhali ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Gudun gara ke nan, an faɗa gidan zago. Citizens Advice, StepChange da National Debtline suna yin wannan aiki kyauta. Ta hannun irinsu ne kuma ake shiga shirin Breathing Space, da aka fara ranar 4 ga Mayu 2021 a Ingila da Wales, wanda ke tsaida yawancin ruwa da tara da matsin masu bin bashi har kwana 60.

Abin da ya canza a 2020

Abin da kotu ba ta yi ba, hukuma ta yi shi bayan shekaru 10. Binciken FCA ya nuna cewa a 2017 bankuna sun samu fiye da fam miliyar 2 da miliyon 400 daga dekuber, wajen kashi 30 cikin 100 daga wanda ba a shirya ba. Abin da ya fi tada hankali shi ne fiye da rabin tarar 2016 ya fito ne daga aljihun kashi 1 da rabi cikin 100 na masu asusu, kuma mazauna unguwannin talakawa sun fi faɗawa ciki.

Tun 6 ga Afrilu 2020 aka hana tarar da ake ƙayyadewa a rana ko a wata. An hana a sa wa dekuber da ba a shirya ba farashin da ya fi na wanda aka shirya. Dole a bayyana farashi da adadi guda na ruwa a shekara. Hukumar ta ƙiyasta cewa zarcewa da fam 100 ba izini, da ke iya cin fam 5 a rana, wato kusan jika 4, zai koma ƙasa da kwabo 20, wajen dala 30. An kuma wajabta wa bankuna su gano masu zama cikin ja wata da watanni, su tuntuɓe su, su taimaka musu su fita.

Sai dai yawancin manyan bankuna sun tsaida ruwan a kusan kashi 40 cikin 100 a shekara, abin da ya sa waɗanda ke zaune cikin dekuber da aka shirya suka ga nasu ya ƙaru. Saboda haka koke-koken yanzu sun ɗan sauya fuska. Mai koke yana tambaya ne: me ya sa aka ba ni dekuber da ya fi ƙarfin samuna, me ya sa kuma aka zuba ido ana cin ruwa shekara da shekaru alhali relebe yana nuna ban taɓa fita ba?

Ina abin ya shafe mu?

Nijar ba ta da tallafin wata-wata irin na Birtaniya, kuma dokokin can ba sa aiki a nan. Amma ma'aikaci ko ɗan fansho da ajiyo ke tarbar kuɗinsa tun kafin ya gan su, ya san irin wannan rami. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai kuma haƙƙoƙin da dokokin yankin UEMOA suka ba mai asusu, waɗanda da yawa ba sa amfani da su.

Tun 1 ga Oktoba 2014, bisa umurnin BCEAO, akwai hidimomi 19 da banki zai yi kyauta. Daga ciki akwai buɗe asusu, rufe shi, saukar da albashi, relebe na wata, da takardar da ke tattara duk kuɗin da banki ya yanka a shekara. Wannan ta ƙarshe ita ce daidai da lissafin da mai koke a Birtaniya ke fara yi. A farkon shekarar 2014 ɗin kuma an ƙayyade iyakar ruwan bashi a kashi 15 cikin 100 ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun lamuni, kuma ana haɗawa ne da kamasho da sauran kuɗaɗen da ke tattare da bashin. A 2020, hukumar sa ido kan bankunan yankin, mai mazauni a Abijan, ta wajabta wa kowane banki ya kasance da tsarin karɓar koken abokan hulɗa da amsa shi.

Don haka wanda ya ga an yanke masa abin da bai gane ba, ya nemi takardar shekara, ya riƙe yarjejeniyar da ya sa wa hannu, ya gwada su layi da layi. In ciwo ko jinkirin albashi ya jefa shi cikin ƙunci, ya sanar da banki a rubuce tun da wuri, ya nemi a buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafinsa. Masu dangi a Landan, Manchester ko Birmingham kuma su isar musu da wannan: mako 8 na jiran amsar banki, wata 6 na kai ƙara gaba, kuma ko sisi ba a biya a kan hanyar.